Ikokin Ɓoye da Yaƙe-yaƙen Al'ummai a Fahimtar Kirista: Misali Daga Jazira da Shuɗin Nilu

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin al'ummai, mutane sukan nemi sanin dalilinsa, wasu su ce rikicin ƙasar noma ne, wasu su ce neman mulki ne ko kwaɗayin dukiya. Akwai kuma masu ganin cewa bayan waɗannan dalilai na zahiri, akwai wasu na ɓoye waɗanda ido ba ya gani. Wannan takarda ta duba yadda Kiristoci suka fahimci wannan batu, wato imanin cewa akwai ruhohi masu iko da ke tasiri a kan sarakuna da ƙasashe. An ɗauki misali daga yankin Jazira da Shuɗin Nilu na ƙasar Sudan, inda Hausawa suka kafa garuruwa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Hausawan wannan yanki Musulmi ne, amma hanyar da kakanninsu suka bi daga ƙasar Hausa zuwa gabas ita ce kuma 'yan mishan suka ɗauka a matsayin fagen yaƙi na ruhaniya. Saboda haka tarihin ɓangarorin biyu ya haɗu a wuri ɗaya, kuma kalmomin da kowanne ya yi amfani da su abin nazari ne ga ɗalibin harshe.

2.0 Tushen Wannan Fahimta a Littafi Mai Tsarki

Wurin da aka fi kafa hujja da shi shi ne sura ta 10 ta littafin Daniyel. A can an ba da labarin cewa a shekara ta uku ta mulkin Sairus, sarkin Farisa, Daniyel ya yi mako uku yana azumi da addu'a. Daga bisani wani manzo daga sama ya bayyana gare shi a bakin kogin Tigiris, ya sanar da shi cewa an ji addu'arsa tun ranar farko, amma shugaban mulkin Farisa ya tare masa hanya har kwana 21, sai da Mika'ilu ya kawo masa ɗauki. Manzon ya ƙara da cewa zai koma ya ci gaba da fafatawa da shugaban Farisa, bayansa kuma shugaban ƙasar Girka zai zo. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a nan ita ce "sar", wadda ke nufin shugaba ko jarumin sarki. Yawancin masu sharhi sun tafi a kan cewa ba mutum ake nufi ba, tun da ɗan Adam ba ya iya tare mala'ika. Ke nan, a wannan fahimta, daular Farisa da ta Girka kowacce tana da wani ruhu da ke tsaye a bayanta, kamar yadda sura ta 12 ta nuna Mika'ilu a matsayin mai tsaron mutanen Daniyel.

Wuri na biyu shi ne Maimaitawar Shari'a 32:8, inda ake maganar yadda Allah ya raba wa al'ummai iyakokinsu. Kwafin Ibrananci da aka saba da shi ya ce an yi rabon ne bisa yawan 'ya'yan Isra'ila. Amma tsohuwar fassarar Girkanci da aka yi a Iskandariyya kafin haihuwar Almasihu ta ce bisa yawan mala'ikun Allah ne, kuma wani guntun rubutu daga cikin waɗanda aka gano a Kumran ya ƙarfafa wannan karatu. Daga nan ne malaman Yahudawa da na Kirista na farko suka ɗauki ra'ayin cewa kowace al'umma tana da nata mala'ika. Zabura ta 82 ma ana haɗa ta da wannan, domin a cikinta Allah yana tuhumar wasu masu iko da rashin yi wa marayu da matalauta adalci.

A Sabon Alkawari kuwa, wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa ce kan gaba. Birnin Afisa, wanda kangonsa yake a ƙasar Turkiyya ta yau, ya yi suna da haikalin Artimis da kuma sihiri, har littafin Ayyukan Manzanni sura ta 19 ya ba da labarin waɗanda suka tuba suka ƙone littattafansu na tsafi a bainar jama'a. A sura ta 6 Bulus ya gaya wa mabiyansa cewa abokan kokawarsu ba 'yan Adam ba ne, ruhohi ne masu mulki da iko a wannan duniya. Sai ya lissafa makaman da za su ɗauka, yana kwatanta su da kayan sojan Rum: gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, maganar Allah, da addu'a. Wasiƙar Kolosiyawa sura ta 2 ta ƙara da cewa an riga an kwance wa waɗannan ikoki ɗamara a kan gicciye. Littafin Wahayin Yahaya ya kai batun ga ƙarshen zamani: sura ta 12 yaƙin Mika'ilu ne da macijin nan, sura ta 16 ta ambaci ƙazaman ruhohi uku da za su je wurin sarakunan duniya su tara su don yaƙi a Armagedon, sura ta 20 kuma ta ambaci Gog da Magog, waɗanda Hausawa suka sani da sunan Yajuju da Majuju.

3.0 Yadda Malaman Kirista Suka Fassara Ikokin

Kiristoci ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. A ƙarni na uku, Orijin na Iskandariyya ya koyar da cewa al'ummai suna da mala'ikunsu, masu kyau da miyagu. Bayan da aka ci birnin Rum da yaƙi a shekara ta 410, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta babban littafinsa a kan Birnin Allah, inda ya ce allolin da Rumawa suke bauta wa aljanu ne, kuma ba su taɓa tsare daular daga masifa ba. Daga tsakiyar ƙarni na ashirin zuwa yau ana iya kasa ra'ayoyin gida uku.

Ra'ayi na farko ya ce ikokin nan su ne tsare-tsaren da ke juya rayuwar jama'a, irin su gwamnati, kasuwa, ƙabilanci da aƙidar siyasa. Wani malami ɗan ƙasar Holan, Hendrik Berkhof, ya bayyana wannan a 1953, bayan abin da Turai ta gani a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya Walter Wink na Amurka ya faɗaɗa shi a littattafai uku da suka fito a 1984, 1986 da 1992. A wurinsa kowace hukuma tana da jiki, wato gine-gine da ma'aikata da dokoki, tana kuma da ruhi, wato halin da ke sa mutumin kirki ya aikata zalunci idan ya shiga cikinta. Masu wannan ra'ayi sun lura cewa kalmar Girkanci da Bulus ya yi amfani da ita ga ruhohi masu iko a Afisawa, ita ce kuma ya yi amfani da ita ga hukumomin duniya a Romawa sura ta 13.

Ra'ayi na biyu ya ce ruhohi ne na haƙiƙa, kowanne da sunansa da yankin da yake riƙe da shi, kuma wajibi ne a gano su a yaƙe su da addu'a kafin bishara ta shiga wuri. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi bayan taron Lausanne na biyu da aka yi a Manila a 1989, kuma C. Peter Wagner na makarantar Fuller a Kalifoniya shi ne babban mai yaɗa shi. A daidai wannan lokaci ne Luis Bush ya fito da abin da ya kira tagar 10/40, wato sashen duniya da ke tsakanin digiri 10 da digiri 40 arewa da layin da ya raba duniya biyu, daga Afirka ta Yamma zuwa gabashin Asiya. Kano tana kan digiri 12, Sinnar kuma tana kan digiri 13 da rabi, ke nan ƙasar Hausa da Jazira duk suna cikin wannan taga. A Nijeriya ra'ayin ya sami karɓuwa a majami'un Fentikos, har wasu masu wa'azi suka danganta koma-bayan ƙasar da bikin al'adu na FESTAC da aka yi a Legas a 1977, suna cewa a lokacin ne aka buɗe wa gumakan al'ummai ƙofa.

Ra'ayi na uku ya tsaya a tsakiya. Masu shi sun yarda akwai miyagun ruhohi, amma sun ce babu inda aka umarci Kirista ya zana taswirarsu ko ya nemi sunayensu. Hujjarsu ita ce Daniyel bai ma san ana wannan fafatawa ba sai da aka gaya masa, kuma abin da ya yi kawai shi ne azumi da roƙon Allah. Taron da ƙungiyar Lausanne ta kira a Nairobi a watan Agusta na 2000 ya ja kunne a kan wuce gona da iri a wannan fanni, musamman yadda salon maganar yaƙi ke iya sa a ɗauki mabiya wani addini a matsayin abokan gaba.

4.0 Hanyar Gabas: Hijirar Hausawa da Shirin 'Yan Mishan

Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo akwai ruwayar da ta shahara cewa a ƙarshen zamani jama'arsa za su ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu, su haɗu da Mahadi. Da Muhammad Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a tsibirin Aba a 1881, ya kuma ci Hartum a watan Janairu na 1885, labarin ya iso ƙasar Hausa, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903 da Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ɗaga tuta ya nufi gabas da ɗimbin jama'a. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka isa Shuɗin Nilu, wanda mutanen wurin ke kira Nil Azrak. Sun fara sauka a ƙauyen Shaikh Ɗalha, sannan a wajen 1906 suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar yamma, kudu da Sinnar kaɗan.

Waɗannan masu hijira, Fulani da Hausawa, sun ɗauki zuwan Nasara a matsayin alamar ƙarshen zamani. Sai dai sun tarar Nasaran da suka guje wa sun riga su isa, domin Ingila ta rushe daular Mahadi a yaƙin Karari tun 1898. A Sudan ma mutane da yawa sun fassara sabon mulkin da zamanin Dujal, wanda Annabi Isa (AS) zai sauko ya kawo ƙarshensa, kuma an yi tawaye iri-iri a kan wannan fahimta. A Jazira kanta Abdulƙadir Wad Habuba, wani mabiyin Mahadi, ya yi bore a 1908. Duk da haka gwamnatin Turawa ta amince da sarautar Mai Wurno, ta bar masa ƙasar noma, domin tana neman ma'aikata. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, mahajjata daga ƙasar Hausa suka riƙa tsayawa suna ƙwadago don tara guziri. Da yawansu ba su koma ba, wasu ma ba su ƙarasa Makka ba. Littafin Mark Duffield na 1981 a kan Mai Wurno da na C. Bawa Yamba na 1995 sun bayyana rayuwarsu, inda Yamba ya nuna cewa har jikokin da aka haifa a Sudan suna kiran kansu mahajjata da ke kan hanya.

A daidai wannan zamani wasu mutane a Turai da Amurka suna kallon wannan hanya da wani ido dabam. A lokacin, kalmar Sudan tana nufin dukkan ƙasar da ta miƙe daga kogin Kwara zuwa Nilu. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar shiga cikinta, wanda shi ne mafarin ƙungiyar mishan ta SIM. Biyu na farko sun rasu a 1894. A 1904 wani Bajamushe, Karl Kumm, ya jagoranci kafa ƙungiyar SUM, wadda ta fara zama a Wase. Burinsa shi ne a jera tashoshin mishan kamar sarƙa daga Kwara har Nilu, a tsakanin al'ummomin da ke bin addinin gargajiya, domin a tsayar da yaɗuwar Musulunci zuwa kudu. A 1909 ya ratsa wannan hanya da kansa har Hartum, ya kuma buga labarin tafiyar a 1910. Rubuce-rubucen ƙungiyoyin nan cike suke da kalmomin yaƙi da na haske da duhu, domin a ganinsu gasar da ake yi a kan rayukan mutanen Sudan wani ɓangare ne na kokawar da Bulus ya ambata.

Abin lura a nan shi ne, jama'ar Mai Wurno da 'yan mishan sun ratsa ƙasa ɗaya cikin shekaru goma na farkon ƙarni na ashirin, kowannensu yana ganin abin da ke faruwa ya wuce rikicin sarakuna, kuma kowannensu yana sanya ɗayan a ɓangaren duhu. Ba su yi karo kai tsaye a Jazira ba, saboda gwamnatin Ingila ta hana wa'azin mishan a tsakanin Musulmin arewacin Sudan, kamar yadda ta taƙaita shi a masarautun arewacin Nijeriya, don gudun tayar da boren Mahadiyya.

5.0 Kiristocin Kudancin Shuɗin Nilu

Wannan hani ne ya sa aikin mishan ya koma kudu. Bayan Italiya ta mamaye Habasha, 'yan SIM da aka fitar daga can a 1937 sun tsallako Sudan, suka buɗe tasha a Doro a ƙasar Mabaan, da kuma Chali a ƙasar Uduk a 1938. Yaƙin duniya bai bar su ba: a watan Agusta na 1940 jiragen Italiya suka jefa bom a Doro, suka kashe likitan mishan Robert Grieve da matarsa. A 1963 aka buga Sabon Alkawari da harshen Uduk, a 1964 kuma gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan na waje daga yankunan kudu. Bayan tafiyarsu ne ikilisiyar ta ƙara yawa a hannun 'yan ƙasa.

Wendy James, wadda ta yi shekaru tana nazarin al'ummar Uduk, ta nuna cewa suna da kalmar "arum" mai nufin ruhi, kuma a kanta masu fassara suka gina sunan Allah, wato ruhin da ke sama. Ke nan tun daga zaɓen kalma, sabon addinin ya shigo ne a matsayin wani iko da ya fi sauran ikokin da mutane suka sani. Lokacin da yaƙin basasa ya iso yankin a 1987, shekarar da dakarun SPLA suka kama Kurmuk, an ƙone ƙauyukan Uduk, jama'a suka gudu Habasha, suka yi shekaru suna yawo daga wannan sansani zuwa wancan. Sun fara komawa gida bayan yarjejeniyar 2005, sai yaƙi ya sake tashi a watan Satumba na 2011, da yawansu suka sake tserewa zuwa sansanin Doro a Sudan ta Kudu.

Ga mutanen da suka ga irin wannan, batun ikokin ɓoye hanya ce ta fahimtar abin da ya same su. Kiristocin kudancin Sudan da dama sun karanta sura ta 18 ta littafin Ishaya, wadda ke magana a kan dogayen mutane na ƙasar da koguna suka ratsa a hayin Kush, a matsayin annabci a kansu: hukunci da farko, sannan komawa ga Allah. A ƙasar Dinka ta Bor, a farkon shekarun 1990, dubban mutane sun tattara alamomin ruhohin gidajensu, waɗanda suke kira "jak", suka ƙone, saboda sun ga ruhohin sun kasa tsare su da shanunsu.

6.0 Kalmomin Wannan Fanni a Hausa

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi fice a cikinsa, kuma Hausa ta zama harshen ibada a majami'un da suka fito daga SIM da SUM, irin su ECWA da COCIN. Masu fassara ba su ƙirƙiri harshe sabo ba, sun ɗauki kalmomin da Musulunci da bori suka riga suka ba su ma'ana. Ga wasu daga ciki.

Aljani. A koyarwar Musulunci aljanu halitta ce dabam da mala'iku, an yi su da wuta, akwai muminai a cikinsu akwai kafirai, kuma Iblis daga cikinsu yake. Mala'iku kuwa ba sa saɓa wa Allah. A koyarwar Kirista, aljanu mala'iku ne da suka yi tawaye suka faɗi, babu na kirki a cikinsu. Don haka idan fasto da malami suka ce "aljani", lafazi ɗaya ne amma ma'ana biyu.

Iska. Wannan kalma tana nufin iskar da ke kaɗawa, tana kuma nufin ruhi, jam'inta iskoki. Haka abin yake a Ibrananci da Girkanci, inda kalma ɗaya ke ɗauke da ma'anonin biyu. A Larabcin Sudan ma ana kiran ruhohin zar da suna "rih ahmar", wato jar iska. Amma saboda alaƙar kalmar da bori, da kuma zagin nan na "ɗan iska", ba ta dace da abu mai tsarki ba. Kiristoci suna cewa Ruhu Mai Tsarki, sai su ce mugun ruhu ko ƙazamin ruhu ga kishiyarsa.

Ruhaniya. "Yaƙin ruhaniya" shi ne sunan da ake ba kokawar da aka bayyana a sama. Kada ɗalibi ya rikita ta da "rauhanai", waɗanda a al'adar malaman tsibbu aljanu ne na kirki da ake neman taimakonsu, duk da cewa asalin kalmomin biyu ɗaya ne a Larabci.

Iko da mulki. A maganar yau da kullum Bahaushe yakan ce "masu iko" ko "masu mulki". Jam'in "ikoki" an fi jin sa a harshen majami'a, inda ake bukatar kalmar da za ta nuna ikon kansa a matsayin wani abu mai rai.

Mutanen ɓoye. Wannan sakaya suna ce, don gudun kiran aljanu da sunansu. "Gaibu" kuwa ya fi faɗi, ya ƙunshi duk abin da Allah kaɗai ya sani.

Akwai kuma kamanni tsakanin wannan fahimta da bori wanda ya kamata a rarrabe. A bori ana cewa iskoki suna da birninsu, Jangare, da sarkinsu da gidajensu, har da Fulani da Maguzawa da Turawa. A ƙasar Nijar, wajen 1925, iskokin Babule suka bayyana da siffar sojojin Faransa. A zar na Sudan, wanda a Sinnar ake kiran wani reshensa bori, an kasa ruhohi bisa al'ummai: Habashawa, Turkawa, Turawa, Larabawan daji, kuma Janice Boddy a littafinta na 1989 ta lissafa har da Fallata, wato mutanen Afirka ta Yamma. Bambancin shi ne, a bori da zar ruhi yana kama da wata al'umma ne yana hawa kan mutum ɗaya, ana lallashinsa da kiɗa da turare. A littafin Daniyel kuwa ruhin yana tsaye ne a bayan daula sukutum, kuma ba a sulhu da shi. Musulunci ma ya tabbatar da hannun gaibu a fagen fama, kamar saukar mala'iku a yaƙin Badar, sai dai bai raba ƙasashe ga ruhohi ba.

7.0 Amfani da Haɗarin Wannan Fahimta

Masu kare wannan koyarwa suna cewa tana da amfani biyu. Na farko, tana hana mutum ƙin ɗan'uwansa, tun da nassin ya ce abokin gaba ba ɗan Adam ba ne, makaman kuma gaskiya ce da salama da addu'a. Na biyu, tana ba wanda aka zalunta ƙarfin zuciya, domin tana gaya masa cewa daular da ta fi ƙarfinsa ita ma tana ƙarƙashin hukunci.

Haɗarin kuwa yana bayyana ne idan aka ce wata ƙasa tana hannun aljani, domin daga nan zuwa ɗaukar mazaunanta a matsayin rundunarsa tazarar kaɗan ce. Haka kuma mutum na iya shagala da dalilan ɓoye ya manta da na fili. Tarihin Hausawan Sudan ya ishe mu misali. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa iyayensa suna zaune a Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar zuriyar masu hijira da mahajjata cikin matsayin baƙi na tsawon lokaci. A watan Yuli na 2022 faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewaye tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Musabbabinsa shi ne mallakar ƙasa da neman da Hausawa suka yi na samun sarautar gargajiya tasu, kuma mafi yawan waɗanda suka yi faɗan Musulmi ne. Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ya kai Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, kafin soja su karɓe Sinja a watan Nuwamba na 2024 da Wad Madani a watan Janairu na 2025. Duk wanda zai yi bayanin waɗannan abubuwa, ko da ya yi imani da ikokin ɓoye, dole ya ambaci doka da gona da zinariya da makamai da kuma mutanen da suka ba da umarni.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa imanin Kirista game da ikokin ɓoye ya samo tushe daga littattafan Daniyel, Maimaitawar Shari'a, Afisawa da Wahayin Yahaya, kuma malamansu sun kasu gida uku wajen fassara shi. An ga yadda ya shafi yankin Jazira da Shuɗin Nilu ta hanyar shirin SIM da SUM da kuma tarihin al'ummar Uduk, a daidai ƙasar da jama'ar Mai Wurno suka yi hijira zuwa gare ta da tasu fahimtar ta ƙarshen zamani. Ga ɗalibin da zai fassara wa'azi ko labari ko hira a wannan fanni, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne wane ne mai maganar, kuma da wace ma'ana ya ɗauki kalmomi irin su aljani, iska, ruhu da iko, domin fasto da malami da ɗan bori duk suna amfani da su, amma kowanne da abin da yake nufi.